Sadakar da Ke Tsayawa a Bakin Kwalta

A watan Afrilun 2025 labari ya fito cewa an sake samun gubar dalma a Zamfara, wannan karon a ƙaramar hukumar Bungudu. Ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ta ce a dakata da haƙa har sai an fitar da ƙa'idoji, wata huɗu kacal bayan ta ɗage haramcin da aka sa tun 2019. Duk wanda ya san Bungudu ya san ba wani lungu ba ne mai wuyar zuwa. Idan ka baro Gusau ka kama hanyar Sakkwato, ba ka gama gyara zama a mota ba za ka iso. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan tun daga ranar. Shekara 15 bayan annobar da ta sa duniya ta san sunan Zamfara, bayan duk kuɗin da aka kashe da duk ƙwararrun da suka zo suka tafi, ga gubar nan a ƙofar babban birnin jiha.

Waɗanda ba su kai shekara 25 ba sai an tuna musu abin da ya faru. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda muke kira Na-gari Na-kowa, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji ana cewa yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, an ba da na sanƙarau bai yi ba. Da aka aika jini waje aka auna, sai aka ga dalma ce. Farashin zinariya ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa, suna kawo dutsen gida, ana niƙa shi da injin da ake niƙa hatsi, mata na daka a tsakar gida, yara na rarrafe a cikin ƙurar suna kai hannu baki. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali abin da Amurka ta amince da shi a wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Binciken da aka yi gida-gida a Dareta da 'Yargalma ya nuna ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka mutu ta haura 400.

Ba na cikin masu raina abin da masu taimako suka yi a wannan lokaci, kuma ba zan taɓa shiga cikinsu ba. MSF, wadda mafi yawan kuɗinta daga aljihun mutane talakawa da masu matsakaicin hali yake fitowa a ƙasashe daban-daban, ta kafa sansanin jinya, ta kawo maganin da ke janye dalma daga jini, ta zauna fiye da shekara 11, ta duba dubban yara, kafin ta miƙa aikin ga ma'aikatar lafiya ta jiha a farkon 2022. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka koya wa mutanenmu yadda ake kankare ƙasar tsakar gida a binne, a zubo sabuwa. Akwai samari da 'yan mata yau a Abare da Sunke da Tungar Daji waɗanda, bayan ikon Allah, wannan aikin ne sanadin rayuwarsu. Wanda ya manta da wannan ya yi butulci.

Sai dai darasin da ya fi girma a Bagega yake. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, kuɗi suka ƙare, aka bar Bagega wadda ta fi su duka girma da gurɓata. Likitoci ba za su iya fara magani ba, domin idan ka wanke jinin yaro ka mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwon, aikin banza ka yi. Yara wajen 1,500 suka zauna jira. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale. Ba su fito ba sai a ƙarshen Janairun 2013, bayan ƙungiyar Human Rights Watch da wasu matasa 'yan Najeriya, Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, sun tayar da ƙura a Facebook da Twitter har maganar ta kai majalisar dattawa. Abin da aka kashe a kan waɗannan matasa bai kai cikin cokali ba idan aka gwada da abin da suka sa gwamnati ta amayar. A ganina ba a taɓa kashe kuɗin taimako a Zamfara ya yi riba kamar wannan ba, domin bai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba, ya dai hana ta barci har ta sauke.

A ƙasashen da manyan gidauniyoyi suke, musamman tun bayan kashe George Floyd a watan Mayun 2020, an daina raba zancen lafiya da zancen launin fata. Sun gane cewa ciwo yana da adireshi, kuma adireshin yakan faɗa unguwannin waɗanda aka daɗe ana dannewa. Misalin da ya fi kama da namu shi ne na garin Flint a jihar Mishigan, inda mafi yawan mazauna baƙaƙen fata ne. A 2014 hukuma ta sauya musu ruwan famfo don rage kashe kuɗi, ruwan ya ci bututu, dalma ta shiga jinin yara. An zalunce su, kuma sun sha wuya kafin a saurare su. Amma a 2016 gidauniyoyi goma suka yi alkawarin kusan dala miliyan 125, daga baya kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626. Yaran Bagega, waɗanda dalmar jininsu ta fi ƙarfin na'urar aunawa ta tafi-da-gidanka, sun yi wata da watanni suna jiran abin da bai wuce dala miliyan 5 da 'yan kai ba. Ba ina hassadar yaran Flint ba ne, sun cancanci abin da suka samu har da ƙari. Tambayar da nake yi ita ce wane ma'auni ake ɗora ran yaro a kai. Ma'aikatan MSF da kansu, su fiye da 1,000 na da da na yanzu, sun sa hannu a wata wasiƙa a 2020 suna cewa akwai wariya a cikin tsarin ƙungiyarsu. Idan ƙungiyar da ta fi kowa shiga daji ta yarda a yi mata wannan binciken, sauran ba su da hujjar kaucewa.

Mu a nan duk baƙaƙe ne, amma hakan bai sa wariyar ta tsallake mu ba. Tana zuwa mana ta hanyar taswira. Shekara da shekaru tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya Borno da Adamawa da Yobe ya sani. Arewa maso yamma ba ta ciki, kuma MSF ta sha fitowa tana kokawa da hakan. Rikicin da ake kira ta'addanci yana da suna a kunnen masu ba da kuɗi, namu kuwa an ajiye shi a matsayin fashi da satar shanu, wato matsalar 'yan sanda. Amma kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta ya ba da rahoto a 2019 cewa daga 2011 an kashe mutum 6,319 a Zamfara, an bar zawarawa 4,983 da marayu 25,050, an raba mutum 190,340 da gidajensu. Wannan kafin sace ɗalibai mata a Jangebe ne, kafin munanan shekarun da suka biyo baya. Hatta yarjejeniyar rigakafi da Gidauniyar Gates da ta Ɗangote suka ƙulla da gwamnoni, wadda ta yi amfani ƙwarai, jihohi shida ta ɗauka: Kano, Bauci, Borno, Yobe, Kaduna da Sakkwato. Zamfara, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yaran da suka kammala rigakafi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, a lokacin da Anambra ke da 76, ba ta ciki. Na san irin wannan yarjejeniya sai gwamna ya yarda ya zuba nasa kason, don haka laifin ba na ɓangare guda ba ne. Amma sakamakon ɗaya ne: inda gwamnati ta fi rauni, nan mai taimako ya fi jin tsoron zuba kuɗinsa, kuma nan ne yaro ya fi bukata.

Idan ka shigo cikin jihar sai ka tarar da wata taswirar a cikin ta farko. Kusan duk abin da ake kira asibiti na gaske a Gusau yake: Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad. Ofisoshin ƙungiyoyi ma nan suke, da motocinsu, da ɗakunan taron bita. Ƙungiyoyin da suka iya shiga wuri mai haɗari sun tafi inda wutar ta fi ci, irin su Shinkafi da Zurmi, kuma sun yi daidai, domin a can ne gwajin da MSF ta yi a 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Tsafe da Bungudu sai suka faɗa tsakiya. A takarda suna kusa da Gusau, kwalta ta ratsa su, don haka ana ɗauka an gama da su. Amma kusancin na wanda ke bakin titi ne. Mutumin Keta ko Ɗanjibga ko Kizara a ƙasar Tsafe, ko na ƙauyukan bayan Nahuce da Bingi a Bungudu, ko ma na Magami da Wonaka da ke cikin ƙaramar hukumar Gusau kanta, idan naƙuda ta kama matarsa bayan isha'i, abin da zai ji daga bakin mai babur shi ne, hanya ba ta biyuwa sai da safe. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. A 2024 an ambato ma'aikatar lafiya tana cewa daga cikin cibiyoyin lafiya wajen 700 da ke jihar, kimanin 200 ne kawai ake iya zuwa. Sauran gini ne da allo.

Na taɓa zama a barandar wani asibiti a Gusau ina jiran ɗan'uwa, kusa da wata dattijuwa da ta kawo jikarta daga wani ƙauye na yammacin Tsafe. Yarinyar ta kwana uku da zazzaɓi kafin su samu fitowa. Na ce, Inna, ba asibiti a garinku? Ta ce, ɗana, ɗakin yana nan, malamin ne ya tafi tun da aka ɗauki na garin gaba. Ba ta faɗi haka da fushi ba, kuma ba ta ga laifin malamin ba. Ni ma ban gani ba. Tsafe ce ke da kwalejin da ke horar da ma'aikatan lafiya na jihar, kuma ita kanta ba ta tsira daga masu satar ɗalibai ba, kamar yadda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ba su tsira ba a Sabon Gida cikin Satumbar 2023. Yarinyar da ta ga haka tana makaranta, da wane ƙarfin zuciya za a ce ta je ta kwana a asibitin ƙauye?

Akwai kuma taswira ta uku, wadda ba mu son a taɓo ta a majalisa, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Turawa ke nufi da wariyar launin fata. Ina nufin ruga. Tun kafin a fara harbi, Bafillatanar daji ba ta cikin lissafin asibiti. An gina sha-ka-tafi a gari, ita tana can bayan gari. Mai allurar rigakafi ya fi sanin hanyar rugar idan shanu za a yi wa. Burtali da mashaya da dazuzzukan kiwo aka yi ta yankawa ana noma, ba a ajiye mata makaranta ko ɗakin haihuwa a madadinsu ba. Da rikici ya ɓarke sai abin ya tashi daga mantuwa ya koma tsoro. 'Yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. An kai matsayin da kamannin mutum da lafazinsa kan isa a tare shi a hanya. Matar da ɗanta ke da ƙyanda sai ta auna, ta shigo gari a yi mata kuɗin goro da waɗanda suka ƙona garin jiya, ko ta zauna ta jiƙa sassaƙe. Da yawa sukan zauna.

Na san abin da mai karatu daga Wanzamai zai ce, garin da aka kwashe mata da yara wajen 80 a Afrilun 2023 sun fita neman itace. Zai ce mu da ake kashewa, ake sa mana harajin noma a gonakin kakanninmu, mu za a ce mu tausaya? Ba ni da bakin da zan ce masa ya yi haƙuri, don ba ni aka yi wa ba. Kuma na tuna yadda zukata suka tafasa a Yulin 2022 da aka naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru sarauta a 'Yandoton Daji. Amma Bafillacen da aka fara kore wa shanu shi ma ɓarayin dajin ne suka talauta shi, kuma cikin masu kai musu mai da burodi da labari akwai 'yan gari. Jaririn ruga bai ɗauki bindiga ba. Ko da mutum ya ajiye tausayi gefe, ƙyanda da shan-inna da kwalara ba sa tambayar ƙabila. Nau'in shan-inna da ya rage yana yawo a ƙasar nan bayan an tabbatar da kawar da na asali daga Afirka a Agustan 2020, a yankinmu ya fi samun mafaka, a cikin yaran da ba a kai gare su. Matuƙar akwai rugar da allura ba ta shiga, yaron Tudun Wada da na Sabon Gari ba su kuɓuta ba.

A nan ne nake ganin mai taimako yana da abin da gwamnati ba ta da shi. Gwamnati ɓangare ce a wannan yaƙin, da sojanta da Askarawanta, kuma dole ta zama haka. Ɗan siyasa ba zai iya fitowa ya ce zai kai magani ruga ba tare da an ce ya haɗa baki da 'yan bindiga ba. Ƙungiyar da ba ta neman ƙuri'a tana iya zama da arɗo da mai gari da liman, ta samo ranar da za a buɗe hanya don rigakafi, ta ɗauki 'yan matan Fulani su zama masu wayar da kai da harshensu. Aiki ne mai haɗari, kuma akwai ma'aikatan lafiya da aka kama bisa zargin yi wa 'yan bindiga magani, don haka sai da sanin hukuma da tsari a fili. Amma idan mai taimako ya guje shi ya tsaya inda ake tafa masa, to ya ɗauki kuɗinsa ya ƙara wa ramin da ke tsakanin mutane zurfi, ko da bai yi niyya ba.

Akwai wani shiri da ya cancanci a tsaya a kansa, domin Zamfara na cikin wuraren da aka gwada shi. Ƙungiyar New Incentives, da kuɗin masu bayarwa ta hannun ƙungiyar GiveWell, ta riƙa ba uwa naira 500 duk lokacin da ta kawo jariri allura, da naira 2,000 idan aka kai ta ƙyanda. An yi gwaji na tsanaki a Jigawa da Katsina da Zamfara daga 2017 zuwa 2020, aka ga allurar farko ta tarin fuka ta ƙaru da maki 16 cikin 100, ta haɗakar cututtuka biyar da maki 21, ta ƙyanda da 14. Wasu sun ce sayen iyaye ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. A jihar da ƙididdigar 2019 ta ce kashi 74 cikin 100 na mutanenta na cikin talauci, wunin da mace za ta bar sana'arta ta biya kuɗin babur asara ce ta gaske, kuma shirin ya mutunta wannan gaskiyar maimakon ya yi ta zargin mata da jahilci. Iyakarsa ita ce sai asibitin yana buɗe, sai akwai malami, sai hanyar na biyuwa. Yana jawo wadda ke iya zuwa. Wadda ke bayan daji, Bahaushiya ce ko Bafillatana, ko naira 20,000 aka sa ba za ta iso ba.

Wannan ya kai ni ga wata ɗabi'a ta manyan masu bayarwa: sun fi son abin da ke ƙirguwa. Allura tana ƙirguwa, gidan sauro yana ƙirguwa. Albashin ungozoma, man janareta, firjin ajiye jini, ba su da daɗin sawa a rahoto. Shi ya sa mutanenmu suka daɗe suna tambayar da ba a ba su amsa mai gamsarwa ba: me ya sa ake bin mu har ɗaka da ɗigon shan-inna kyauta, amma idan yaro na zazzaɓi sai mun sayi magani a kemis? Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, kuma an yi asara babba saboda hakan. Sai dai zargin bai faɗo daga sama ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, shari'ar ba ta ƙare ba sai da sulhun dala miliyan 75 a 2009. Amana idan ta karye, shekaru take ɗauka, kuma ba a ɗinke ta da talla a rediyo. Ana ɗinke ta ne ranar da uwa ta kawo yaro da ciwon da ba ya cikin jerin mai bayarwa, aka duba shi.

Sanƙarau ya nuna mana fuskokin biyu a lokaci guda. Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 70 a 2001, aka ƙera rigakafin MenAfriVac a Indiya a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, aka fara shi a 2010, nau'in sanƙarau na A da ya addabi kakanninmu duk bazara ya kusa ɓacewa. Wannan aiki ne da babu kamfanin da zai yi don riba. Amma a ƙarshen 2016 nau'in C ya ɓulla a Zamfara, ya bazu, kafin ya lafa a tsakiyar 2017 an lissafa mutum fiye da 14,000 da suka kamu a ƙasar, fiye da 1,100 suka rasu, mu ne muka fi kowa asara. An yi watanni kafin labari ya isa inda ya kamata, rigakafin ma da ƙyar aka samo. Gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta abin da zunuban mutane, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ƙalubalance shi. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya umarce mu da neman magani. Gidauniya na iya ƙera allura, ba za ta iya zama jami'in da zai lura yara biyar sun sanƙare a gunduma ɗaya ya buga waya a ranar ba. Wannan aikin mai albashi ne, kuma albashin daga Gusau yake fitowa.

Shekarar 2025 ta tuna mana cewa zanen aro ba ya rufe katara. A watan Janairu sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, zuwa Yuli an rufe hukumar USAID. Gwamnatin tarayya ta yi gaggawar ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Bill Gates ya sanar cewa gidauniyarsa za ta kashe abin da ke hannunta ta rufe a ƙarshen 2045. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, an kuma gyara asibitoci, abin a yaba ne. Ma'aunin da zan riƙe shi da shi dai shi ne yawan waɗanda, cikin cibiyoyin lafiya 500 ɗin nan da ba a iya zuwa, suka sake buɗewa da ma'aikaci a ciki.

Sai na juyo gida, domin ba daidai ba ne mu yi ta binciken sadakar baƙo mu bar tamu. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, tana kuma cikin na farko da suka kafa hukumar zakka da waƙafi. Muna da attajirai, na hatsi da na zinariya da na siyasa, kuma ba marowata ba ne. Duk azumi tirela-tirela ake saukewa na shinkafa da gero da sukari, ana raba atamfa da shadda, ana biya wa mutane kujerar Makka. Mai yunwa ba zai raina buhun gero ba, ni ma ban raina ba. Amma yawancin wannan kyautar a hannu take ƙarewa, ga wanda ya iya zuwa layi, sau da yawa ga wanda ke da ƙuri'a a mazaɓar mai bayarwa. Matar da ke kwana a kango a gefen Gusau da 'ya'ya biyar, wadda ba ta cikin rajistar kowace unguwa, takan ji labari ne bayan an watse. Musulunci ya ba mu abin da ya fi wannan nisa. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a a Madina ba a tambayi mai ɗiba ƙabilarsa ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya yi ɗaruruwan shekaru yana jinya kyauta, saboda an tsayar masa da kadarorin da ke ciyar da shi. Hikimar waƙafi ke nan, yana biyan abin da ke dawowa kowane wata, wato daidai abin da baƙo ba ya son biya.

Da attajiri ɗaya zai tsayar da jerin shagunansa na kasuwar Gusau ya ce hayarsu ta ungozomomi goma ce a ƙauyukan Tsafe har abada, da alawus ɗin da zai sa su yarda su zauna, da ya yi abin da babu wata ƙungiyar waje da za ta yi. Da wani zai ɗauki nauyin 'yan mata daga ƙauyukan da abin ya fi shafa, har da na rugage, su yi karatu a kwalejin Tsafe bisa sharaɗin su koma garuruwansu, da an samu ma'aikaciyar da ba za ta gudu ba domin gidansu ke nan. An taɓa gwada haɗa kai da direbobin ƙungiyar sufuri su riƙa ɗaukar mai naƙuda a shirin da Ingila da Nowe suka tallafa a Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe, kuma ya yi aiki. Abin da irin wannan ke bukata kuɗin mai ne, wanda bai fi ƙarfin asusun masallacin Juma'a ba. Ina kuma son a samu mai zuciyar da zai biya matasa su riƙa bin kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta ware masa kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, su je asibiti-asibiti su ga ko ya iso, su faɗa a rediyo. Wannan ba zai sa a yi wa mai bayarwa kirari ba, watakila ma ya jawo masa baƙin jini a gidan gwamnati. Amma shi ne abin da ya ceci Bagega.

Game da Bungudu kuwa, ba sai an ƙirƙiro komai ba. Hana haƙa bai hana ba, shekara kusan shida aka gwada, ya dai tura aikin cikin duhu inda ba mai dubawa. Abin da aka koya a Anka yana nan a rubuce, kuma akwai 'yan jihar da aka horar suka iya shi. A fitar da niƙan dutse daga cikin gida zuwa bayan gari. A riƙa jiƙa shi ana niƙawa, domin gwajin da MSF da ƙungiyar OK International suka yi da masu haƙa ya nuna feshin ruwa na rage dalmar da ke cikin iska da kashi 95 cikin 100. Mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. A auna jinin yara da ɗigo ɗaya daga yatsa, a gane mai ciwo tun bai fara jijjiga ba. Na'urar aunawar ba ta fi a riƙe ta a hannu ba, amma tana bukatar kayan gwaji da ke ƙarewa, da ma'aikacin da za a biya, da babur da zai sauka daga kwalta ya shiga ƙauyen da ake niƙan, ya kuma wuce zuwa rugar da ke shan ruwa a rafin da ake wanke dutsen.